Za a yi gini a jikin gidanmu kuma zai cutar da mu: tambayoyi da amsoshi ga maƙwabta a Garwa, Marwa da Ngaundere

Waɗannan tambayoyi ne da na sha ji a zaurukan unguwa da bakin masallaci, tun lokacin da filaye suka yi tsada, masu kuɗi suka fara sayen tsofaffin gidajen ƙasa suna rushewa suna ta da benaye da shaguna. Ni ma abin ya taɓa cin gidanmu, shi ya sa ba na ɗaukarsa da wasa. Amsoshin sun dogara ga dokokin Kamaru. Wanda yake Kusiri, gidan 'yan'uwansa kuma yana tsallaken ruwa a Njamena, ya sani cewa dokar Chadi daban take.

Fili nasa ne, kuɗi nasa ne. Muna da bakin magana kuwa?

Kuna da shi. Mallakar fili ba ta ba mutum ikon cutar da na kusa da shi ba, a addini da kuma a dokar ƙasa. Ƙa'idar da malamanmu na Malikiyya suke kafa hukuncin maƙwabtaka a kanta sananniya ce: ba cuta, ba cutarwa. A ɓangaren hukuma kuma akwai dokar tsara birane mai lamba 2004/003 ta ranar 21 ga Afrilu 2004, wadda ta ce kafin a ta da gini sai an sami izini daga magajin gari, kuma akwai wuraren da ba a gini a kansu ko da mutum yana da takarda. Akwai kuma dokar zaman jama'a da muka gada daga Faransa, wadda har yau kotunan yankinmu suke aiki da ita, kuma ta yi magana dalla-dalla a kan taga da ruwan rufi da iyaka da hanyar wucewa.

Abin da ba ku da shi shi ne ikon hana mutum gini don kawai ba ku so. Wannan bambancin shi ne gaba ɗayan maganar.

To, wane irin gini ne za a iya tsayawa a kansa, wane ne kuma sai haƙuri?

Ku tambayi kanku abu biyu: wace doka ginin ya taka, kuma wace cuta za mu iya nuna wa baƙo da yatsa? In ginin ba shi da izini, ko ya saɓa wa zanen da aka amince da shi, ko ya ci hanya, ko ya toshe magudanar ruwa, ko ya hau iyakarku, ko tagoginsa sun buɗe a kan tsakar gidanku, ko an haƙa masai a jikin rijiyarku, ko ramin harsashinsa ya fara tsaga bangonku, to kuna da magana mai ƙarfi. Haka kuma in abin da za a yi a ciki yana da haɗari ko hayaniya, kamar gidan mai ko mashaya. Wannan yana da amsarsa daban a ƙasa.

Amma “ba ɗan unguwa ba ne”, ko “ba addininmu ɗaya ba”, ko “gidansa zai fi namu tsawo”, ba hujja ba ce a gaban kowace hukuma, kuma ina roƙonku kada ku sa irin wannan a takarda. Yana zubar da ƙimar koken, yana kuma ba mai ginin damar ya ce hassada ce kawai ko ƙabilanci. Garuruwanmu Hausawa da Fulani da Barebari da Kotoko da Giziga da Tupuri da mutanen kudu duk a cakuɗe muke, kuma ruwan da ya shiga gidan ɗaya ba ya tambayar ƙabilar na gaba da shi.

Ta yaya za mu san ko yana da izinin gini?

Izinin shi ne abin da ake kira *permis de construire*, mu ce farmi. A Garwa da Marwa da Ngaundere, waɗanda aka mai da su manyan hukumomin birni a 2008 aka kuma raba kowanne gunduma uku, ofishin magajin babban birni ne yake bayarwa, ba meri (wato ofishin magajin gari) ta gunduma ba. A ƙananan garuruwa kamar Gider ko Mokolo ko Meiganga, merin garin ce. Ga ginin wucin gadi, irin rumfa ko kes, akwai ƙaramin izini da ake kira *permis d'implanter*.

Ku fara duba bakin aikin. Wanda yake da farmi yakan kafa allo mai ɗauke da lambarsa da irin ginin da za a yi. In babu allo, ko allon ya ce hawa ɗaya kuna ganin rodin hawa na uku a tsaye, sai ku je sashen kula da gine-gine na meri ku tambaya, a rubuce. Abubuwa biyu na dokar 2004 suna da amfani a nan. Na farko, in mutum ya ajiye takardunsa meri ta yi kwana 45 ba ta ba shi amsa ba, ana ɗauka an ba shi izini. Saboda haka rashin takarda a hannunsa ba kullum yake nufin ba shi da izini ba, ku tambayi ranar da ya ajiye. Na biyu, farmin da aka yi shekara biyu ba a fara aiki da shi ba ya mutu. Mutane da yawa suna fito da tsohuwar takarda suna kaɗa wa maƙwabta, alhali ta daɗe da ƙarewa.

Mun ga an sauke yashi da bulo. Me za mu fara yi?

Ku je ku same shi a makon nan, ba bayan salla ba. Tun ran gini ran zane. Mutumin da bai zuba kankare ba yana iya matsar da bango taku biyu ba tare da ya yi asarar komai ba. Wanda ya riga ya zuba, ko ya san shi ne da laifi, zai yi ta ja da ku har kotu saboda kuɗin da ya binne.

Mu kunya ce ta cuce mu. A bayan gidanmu a Garwa akwai wani lungu da ruwan unguwa yake bi ya sauka babbar kwata. Wani bawan Allah ya sayi gidan kusurwa, muka ga birkila ya ja igiya ta haɗa da rabin lungun. Kowa ya gani, kowa ya ce wani zai yi magana. Mahaifina ya ce a bari a sha ruwan azumi tukuna, ba a tarar baƙo da ƙorafi. Kafin salla katanga ta kai kafaɗa. Ruwan farko mai ƙarfi na watan Agusta da ya sauka da dare, sai muka farka da ihun Inna: ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya ɗaga tabarmi, buhun masara biyu sun jiƙe, takalman yara suna yawo a tsakar gida. Da gari ya waye muka je, mutumin ya ce, “Malam, ai da kun faɗa mini tun ana haƙa, wallahi da na bar muku hanya.” Ban san ko da gaske yake ba, amma mun ba shi abin faɗa. Sai da muka yi damina biyu muna kwasar ruwa da bokiti kafin a fasa ƙasan katangar a sa bututu.

Saboda haka ku tafi mutum biyu ko uku, da dattijo ɗaya a ciki, ku yi masa barka da zuwa, sannan ku ce, “Alhaji, muna so mu ga inda bango zai tsaya, da inda tagogi za su kalla, da inda ruwa zai bi.” In kun daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu, jauro, wato mai unguwa, ya shaida. A ranar kuma ku ɗauki hoton wurin da waya: duwatsun iyaka, faɗin lungu, bangonku tun bai tsage ba.

Jauro ko lawan ko lamiɗo za su iya tsayar da ginin?

Za su iya kiran mutum su yi sulhu, kuma sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, domin ba kowa ne yake son a ce an kai shi fada ya ƙi jin magana ba. Dokar 1977 da ta tsara sarautun gargajiya ta ɗauke su mataimakan hukuma, ta kuma yarda su sasanta mutanensu. Jauro shi ya san inda tsohuwar iyaka take, ya san wace bishiya aka yi alama da ita tun zamanin kakanni. Amma ba shi yake ba da farmi ba, ba kuma shi yake soke shi ba.

Ku lura da abu biyu. Wani lokaci mai unguwar da kuka kai wa kuka shi ne ya sa hannu a cinikin filin, to ba zai yi wa kansa shari'a ba. Sannan zaman sulhu ba ya tsayar da kwanakin da doka ta ƙayyade. Ana iya yi muku “ku dawo Juma'a mai zuwa” har wa'adinku ya wuce, gini kuma yana tafiya. Ku je fada da ladabi, ku ajiye takardarku a meri a mako guda. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Wa'adin yana cikin amsar da take a ƙasa a kan kotun hukuma, wato kotun da ake kai ƙarar hukumomin gwamnati.

Yaya ake rubuta koken, kuma wa ake kai wa?

Da Faransanci, a shafi ɗaya ko biyu, zuwa ga magajin birni, da kwafi ga sufirefe, wato wakilin gwamnati mai mulkin gundumarku, da wakilin ma'aikatar gidaje da raya birane. A faɗi unguwa da alamar da za a gane wurin, ranar da aka fara aiki, abin da ginin ya taka, cutar da yake jawowa, da abin da kuke nema a fili: a zo a duba, a dakatar da aiki, a matsar da bango, ko a toshe taga. Kada a zagi kowa, kada a ce “an ce”. A haɗa hotuna. Kowane mai sa hannu ya rubuta sunansa da lambar katinsa na ɗan ƙasa. Sa hannun mutum goma da suke jikin ginin ya fi na mutum ɗari daga wata unguwa.

Abu mafi muhimmanci shi ne shaidar karɓa, wadda ake kira desharji. Ku tafi da kwafi biyu, ku manna kan sarki in an nema, ku ba da ɗaya, ku tsaya a gaban teburin har sai ma'aikacin ya buga hatimi mai kwanan wata a kan naku ya sa hannu. In ya ce ku ajiye ku tafi, ku ce za ku jira. Wannan hatimin shi ne zai nuna wa alƙali gobe cewa kun yi magana a kan lokaci, kuma daga ranarsa ake fara ƙirga kwanaki. A sa takardun duka a jaka ɗaya a hannun mutum ɗaya amintacce, kowa kuma ya ɗauki hotonsu a wayarsa.

Bene ne, tagoginsa suna kallon tsakar gidanmu. Doka ta san da wannan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci wa mutanenmu rai, kuma da gaskiyarsu. Tsakar gida ita ce ɗakin mata: nan ake girki, nan ake wanki, nan ake shimfiɗa a kwana a watan Maris da Afrilu lokacin da ɗaki ba ya shiguwa, makewayi kuma sau da yawa ba shi da rufi. Baranda ɗaya a hawa na biyu tana iya mai da mace fursuna a gidan mijinta, ta koma yin tuwo da hijabi cikin zafin Marwa.

Dokar zaman jama'a ta ba da awo. Ba a buɗe taga ko baranda mai kallon gidan maƙwabci kai tsaye sai akwai tazarar mita 1 da santimita 90 tsakanin bangon da iyaka. In kallon na karkace ne, santimita 60. Bangon da kuka yi tarayya a kansa kuwa ba a huda shi sai da yardarku. Wanda ya ta da bene a kan iyaka ɗaram ya buɗe tagogi, ya taka wannan, kuma kotu tana iya sa shi ya toshe. Sai dai gaskiya awon ya yi kaɗan ga irin zamanmu: wanda ya ja baya mita biyu ya cika doka, amma yana ganin har cikin tukunyarku. A nan sulhu ya fi shari'a amfani. Abin da na ga yana aiki shi ne a nemi ya ɗaga tagogin wannan gefen sama da tsayin mutum, ko ya sa gilashi mai duhu wanda ba ya buɗuwa, ko ya juya baranda ta kalli titi, ko ya ƙara wa katangarku tsawo da kuɗinsa. Duk waɗannan masu sauƙi ne kafin a zuba dal, wato kankaren rufin hawa na farko, shi ya sa amsar da ta gabata a kan zuwa da wuri ta fi shafar masu wannan matsala.

Ginin zai toshe hanyar ruwa. Wa zai saurare mu tun damina ba ta zo ba?

Nan hujjarku ta fi ƙarfi, domin dokar 2004 ta ce filin da yake fuskantar ambaliya ko zaizaya ba wurin gini ba ne. Dokar zaman jama'a kuma ta ce na ƙasa ba shi da ikon yin shinge ya hana ruwan da yake gangarowa da kansa wucewa, na sama kuma ba shi da ikon ƙara wa na ƙasa nauyi; indararon kowa ya zuba a filinsa ko a titi, ba a gidan maƙwabci ba. Hukuma ma ba baƙuwar wannan magana ba ce. Mutanen Garwa ba su manta 2012 ba, lokacin da Binuwai ta cika aka saki ruwan madatsar Lagdo. Mutanen Marwa sun san yadda Mayo Kaliyawo yake kwance yashi zalla da rani, ya tashi a dare ɗaya yana cin gaɓa. Yagwa ta ga nata a 2024.

Matsalar ita ce ana gini da rani, lokacin da magudana take a bushe, ma'aikacin da aka turo ya ga ƙasa kawai. Ku nuna masa alamar ruwa a jikin bangaye, ku nemo hotunan daminar bara a wayoyin yara, ku kawo tsofaffin da za su ce ga inda ruwa yake bi shekara arba'in.

Ya ci hanya, ko ya kewaye filin da muke sallar idi da wasan yara. Ya ce yana da takarda.

Ku tambaya: wace takarda? Takardar ciniki da jauro ya sa wa hannu ba ita ce titir fonsiye ba, wato takardar mallakar fili ta gwamnati. Tun dokokin ƙasa na 6 ga Yuli 1974, titir ne kaɗai cikakkiyar shaidar mallaka, filin da ba shi da titir yana ƙarƙashin kulawar gwamnati, titi da kwarin kogi kuwa dukiyar jama'a ce da ba a sayarwa. In hanya ya ci, meri da sufirefe ne masu maganar. In iyakarku ce, doka ta ba kowane mai fili ikon tilasta wa maƙwabcinsa a zo a auna a kafa duwatsu, a raba kuɗin. Ku nemi mai awo na kadastar, wato ofishin awon filaye. Wanda aka toshe wa ƙofa har ba shi da mafita zuwa titi yana da haƙƙin a ba shi hanya.

In kuwa yanzu yake neman titir, to ku yi sauri. Kwamitin da yake zuwa duba fili sufirefe ne shugabansa, sarkin wurin da dattawansa biyu suna ciki. Ranar da kuka ga an zo kafa duwatsu, ku fito ku ce ba ku yarda ba, ku tabbata an rubuta. Bayan an buga sanarwa a mujallar filaye ta jiha, kwana 30 kacal ya rage a kai adawa ofishin mai ajiyar rajistar filaye. In titir ya fita, doka tana ɗaukarsa tabbatacce. Ana iya neman ministan filaye ya janye shi in an yi maguɗi ko hukuma ta yi kuskure, amma tafiya ce mai tsawo.

Mashaya ce ko gidan mai ko wata masana'anta za a buɗe. Hanyar ɗaya ce?

A'a, nan kuna da ƙofa biyu, domin ban da farmin gini akwai izinin sana'ar kanta. Dokar 1990 kan wuraren sayar da barasa ta hana buɗe mashaya a ƙasa da mita 200 daga makaranta ko asibiti ko wurin ibada, masallaci ne ko coci. Koken yana zuwa ga sufirefe da firefe, wanda yake sama da shi. Gidan mai da ma'ajiyar gas da masana'antu suna ƙarƙashin dokar 98/015 ta 1998 kan wurare masu haɗari ko ƙazanta ko takura, wadda ta tanadi a ji ta bakin jama'a kafin a ba manyansu izini, ta kuma yarda a sharɗanta nisanta su daga gidaje da wuraren ɗibar ruwa. Dokar muhalli ta 1996 ta wajabta wa manyan ayyuka binciken illarsu, tare da zama da mutanen wurin.

In aka kira irin wannan zama, ku je, kada ku bar wa jauro shi kaɗai. Ku karanta abin da aka rubuta kafin ku sa hannu, domin takardar halarta ana iya haɗa ta da rahoto a ce unguwa ta amince. In ba a kira ku ba sam, wannan kansa abin rubutawa ne ga wakilin ma'aikatar muhalli.

An zo an shafa jan fenti an rubuta a dakata, amma suna aiki da dare.

Wannan ya zama ruwan dare. Ku ɗauki hoto mai kwanan wata, ku sake rubuta wa magajin birni kuna ambaton takardarku ta farko, ku kai kwafi ga firefe, domin shi ne mai sa ido a kan meri. Sannan ku ɗauko wisiye, ma'aikacin shari'a mai rubuta abin da ya gani da idonsa. Rahotonsa yana da nauyi a kotu fiye da bakin mutum ashirin. Da shi lauya zai iya zuwa gaban alƙalin gaggawa a kotun matakin farko ya nemi a tsayar da aiki kafin a shiga asalin shari'a.

In abin da kuke tsoro rushewa ne, ku faɗe shi da babbar murya. A watan Yuli 2023 bene ya faɗo a Duwala a kan gidan da yake kusa da shi, mutane gommai suka mutu, kuma a cikin mako guda da wannan wani ya rushe a Ngaundere. Wanda yake ƙara hawa a kan harsashin da aka yi don hawa ɗaya ba kansa kaɗai yake jefawa a haɗari ba.

Yana da farmi na gaskiya. Shi ke nan mun faɗi?

Ba ku faɗi ba. Farmi yana cewa ne hukuma ta yarda da zanen, ba ya shafe haƙƙin maƙwabci. Maganar taga da ruwa da iyaka tana nan a kotun jama'a. In kuma farmin ne kansa aka bayar ba bisa ƙa'ida ba, misali a kan hanyar ruwa, ana ƙalubalantarsa a kotun hukuma, kuma akwai ta a Garwa da Marwa da Ngaundere.

Sai dai dokar 2006 da ta tsara kotunan hukuma ta sa matakai da ba a tsallakewa. Dole ku fara rubuta wa wanda ya ba da izinin kuna neman ya janye, cikin wata uku. In ya ƙi, ko ya yi shiru wata uku, wanda doka take ɗauka ƙi ne, kuna da kwana 60 ku shigar da ƙara. Wanda ya tsallake takardar farko ko ya bar kwanakin suka wuce, za a kori ƙararsa ba tare da an duba gaskiyarsa ba. Shigar da ƙara kuma ba ya tsayar da gini da kansa. Sai an nemi dakatarwa daban. Wannan mataki na lauya ne. Ku yi karo-karo, wanda kuma ba shi da hali ya tambayi ofishin kotu game da taimakon shari'a da dokar 2009 ta tanada.

Mu tara matasa mu kori leburori, ko mu fito zanga-zanga?

Kada ku taɓa bulo ɗaya. Ranar da kuka ture bango ko kuka ƙwace shebur, magana ta tashi daga kan gininsa ta koma kan ɓarnarku, ku da kuke da gaskiya ku kwana a jandarmari. Leburan ma abincinsa yake nema. Taro a fili yana bukatar a sanar da sufirefe kwana uku kafin ranar, jerin gwano kwana bakwai, kuma a yanayin tsaron yankinmu ba abin wasa ba ne. Abin da ya fi shi ne ku yi ƙungiyar ci gaban unguwa ku yi mata rajista a ofishin firefe bisa dokar ƙungiyoyi ta 1990, ta riƙa rubutu da sunanta.

Facebook da WhatsApp suna sa hukuma ta motsa, amma ku tsaya a kan abin da hoto ya nuna. Kiran mutum ɓarawo, ko cewa ya ba wane cin hanci ba tare da shaida ba, ɓata suna ne, kuma ana ɗaure mutum a kansa.

Ni ɗan haya ne. Ni kuma mace ce, maigidan yana tafiya. Za a karɓi kokenmu?

Za a karɓa. Duk wanda cutar take taɓawa yana iya rubuta wa meri, ya kuma nemi diyya. Maganar iyaka da titir ce take bukatar mai gidan da kansa ko wakilinsa, saboda haka a kira shi a waya tun yau. Mata kuwa su suka fi kowa sanin ƙarfe nawa injin maƙwabci yake tashi da inda ruwa yake fara shigowa. A sa sunayensu a takarda.

Mai ginin babban mutum ne, ko kuma aikin gwamnati ne.

Babban mutum ya fi jin tsoron takarda mai hatimi da kwafi a ofis huɗu fiye da hayaniya, domin kowane ma'aikaci ya san akwai wani da ya gani. Kada mutum ɗaya ya zama shi ne fuskar koken. In an kira, ku tafi tare. In wani ya nemi ku ba shi wani abu kafin ya zo dubawa, akwai hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasa, CONAC.

Aikin gwamnati, kamar faɗaɗa titi ko babbar magudana, da wuya a hana shi in an ayyana shi na amfanin jama'a. Abin da ake kokawa a kai shi ne inda zai bi da kuma diyya, bisa dokar 1985. Ranar da kwamitin ƙidaya ya zo, ku tsaya a kan kayanku, a rubuta kowane ɗaki da rijiya da bishiyar mangwaro da darbejiya, ku duba sunanku a jerin kafin su tafi.

An riga an gama ginin, har an tare. Akwai sauran abin yi?

Rushe gini gaba ɗaya abu ne mai wuya, ban kuma cika ba mutane wannan fata ba. Amma gyara yana samuwa: a toshe taga, a juya indararo, a fasa hanyar ruwa, a ɗauke masai daga jikin rijiya, a rage awannin injin, a biya kuɗin bangon da ya tsage. Ku kira wisiye ya rubuta ɓarnar tun tana sabuwa, ku sa birkila ya ƙiyasta kuɗin gyara a takarda, ku ajiye rasit na duk abin da kuka kashe. Ku tambayi meri kuma ko an ba shi takardar shaidar cewa abin da ya gina ya dace da zanen da aka amince. In babu, ko in ya ƙara hawa ko shaguna da ba sa cikin zane, wannan ya shiga sabuwar takardarku, a kai ta yadda aka bayyana a amsar rubuta koke.